Masoya Alƙalami: Wa Tawadarsa Ke Ƙarewa, Wa Tasa Ke Bushewa?

Daga Bonkuku ta Imanan har zuwa Filinge a tsakiyar Kurfai, duk wanda aka ji yana tara alƙaluma masu shan tawada don sha'awa kawai, kallon wanda ƙoshi ya dama ake yi masa. Masu kallon suna da hujjarsu: ƙasa ce da damina ke yi wa rowa, ga bik na 'yan daloli a teburin kowane mai tireda. Amma a ganina kuɗin goro ake yi wa masoya alƙalami, alhali ba jinsi ɗaya ba ne. Ma'aunin da ke raba su guda ne: wani tawadarsa ƙarewa take yi, wani kuwa bushewa.

Wanda ido ya fi sani shi ne mai aljihu. Ranar kasuwa ko taron suna za ka gan shi da alƙalami maƙale a ƙirjin kaftani, maƙalin nan mai siffar kibiya yana walƙiya, don kowa ya san Parker ne. Sau da yawa ma ba Parker ɗin ba ne, Hero 616 ne na birnin Shanghai, wanda aka kwaikwayo daga Parker 51 na 1941. Wannan ba aibu ba ne, Hero yana rubutu lafiya lau idan an ba shi dama, sai dai mai aljihu ba ya ba shi. Ka ce ya rubuta maka lambar waya, sai ya shafa ƙirji, ya yi tsaki, ya ce wa yaron da ke kusa: "Kai, ara mini bik ɗinka." Ƙanensa kuma shi ne mai hana aro, wanda ya haddace cewa bakin alƙalami yana sabawa da hannun mai shi, baƙon hannu yana ɓata shi. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, amma kafin ƙarfen bakin ya ci har ya saba da hannu sai an shekara da shekaru ana rubutu, shi kuwa gwanin namu rabonsa da cika shafi guda tun yana lakwal.

Sai mai akwati, galibi ɗan ci-rani da ya dawo daga Kwatano ko Lome da Montblanc mai farin tauraro a ka, wanda ya saya a farashin tiyar gero bai kuma tambayi kansa dalili ba. Ya san a Hambug ta Jamus ake ƙera na ainihi, ya san samfurin Meisterstück ya fito a 1924, zai jera maka duk wannan kafin shayi ya nuna. Abin da bai taɓa yi ba shi ne zuba wa alƙalamin tawada, wai kada darajarsa ta faɗi. Kamar mai kiwon doki ne da ke yi masa wanka kullum amma bai taɓa ɗaura masa sirdi ba.

Tsohon mushe, wato malamin lakwal, ya fi su cancantar a saurare shi, ko da yake sauraron nasa yana cin yini. Shi ya tashi a zamanin bakin ƙarfe Sergent-Major, da tawada ruwan goro-da-shuni a ɗan ramin tebur, da takardar tsotse ɗigo. A lissafinsa duniya ta fara lalacewa ne a 1965, shekarar da Faransa ta halatta bik a makarantunta, sauran duk bayani ne. Ya manta da bulalar da ya sha saboda ɗigo ɗaya a kan kaye. Duk da haka rabin ƙorafinsa daidai ne: bik sai an danna shi yake ba da tawada, alƙalami kuwa da ya taɓa takarda ya wadatar, shi ya sa hannu ba ya saurin gajiya kuma harafi yake samun siriri da kauri. Tawadar mushe tana ƙarewa, ko da rabinta a wasiƙun neman haƙƙin ritaya take tafiya Yamai.

Mafi ban tausayi shi ne mai gwaje-gwaje, wanda ya ga babu dalilin sayen kwalbar tawada alhali ga zuge a kurtun almajirai. Alƙalamin nan kuwa da ɗan siririn magudani yake aiki, tawada na sauka iska na hawa ta maye gurbinta. Ƙaro da garin gawayin da ke cikin zuge suna shiga su toshe hanyar, shi ke nan an yi jana'iza. A nan ne masu suka ke samun babbar hujjarsu, cewa abin bai dace da ƙasarmu ba. Gaskiya ne hunturu yana busar da bakinsa, zafin Afrilu kuma yana kumbura iskar da ke cikinsa ta turo tawada a kan farar shadda. Gaskiya ne kuma Bic Cristal, wanda ya fito a 1950, an sayar da guda biliyan 100 nasa zuwa 2006, kuma duniya ba ta yi wannan zaɓi don wauta ba. Sai dai ba wanda ya ce sha'awa ta zo ne don ta yi gasa da sauƙi. In da sauƙi ne ma'auni, da an daina dafa shayi hawa uku tun ranar da Lipton ya shigo gari.

Hujjata da ta fi ƙarfi ma tana zaune a zauren malam. Shekaru aru-aru kafin Waterman ya yi rajistar alƙalaminsa a Amurka a 1884, malaman ƙasar nan suna zaɓen karan gamba, su fiƙe, su tsaga bakin daidai kaurin harafin da suke so, su haɗa tawadar takarda da bagaruwa, su ware ja don wasali. Duk cutar da ke jikin waɗancan tana jikin alaramma: ba ya ba da aron alƙalaminsa, yana da tarin da ya fi buƙatarsa, yana iya musu har la'asar a kan wace tawada ce ba ta cin takarda. Bambancin shi ne izu sittin yake fitarwa da hannunsa, irin aikin da ya sa sunan Sharif Bala Gabari na Kano ya zaga Afirka ta Yamma. Ba a taɓa jin an kira irinsu almubazzarai ba. Ashe jama'a ba son alƙalami suke ƙi ba, zaman banzan alƙalami suke ƙi.

Saura masu cewa saƙon murya na WhatsApp ya kashe rubutu gaba ɗaya. Ya kashe wasiƙar gaisuwa, wannan babu musu. Amma ranar da rigimar iyakar gona ko rabon gado ta kai gaban mai gari, takarda ake nema da sa hannun shaidu, ba wayar da ta faɗa rijiya bara ba. Saboda haka, mai karatu, idan ka gamu da mai alƙalami a aljihu, kada ka yi saurin yi masa dariya ko jinjina. Miƙa masa takarda ka ce ya rubuta maka sunan garinsu tukuna.