Babin Ɗaura Sabon Madigadi Ga Tsohon Babur

Ya kai ɗan'uwa da aka jarraba da son tsohon babur, ka sani cewa duk wanda ya gaji Honda CD175, irin wadda aka yi ta ƙerawa a Japan daga 1967 zuwa 1979, wadda malaman makaranta da akawuna suka yi rububinta sa'ad da kuɗin Udoji ya sauka, ko da ya tashi inji, ya sake tayoyi, ya kai kujera an ɗinke, bai ɗanɗani aikin ba tukuna sai ranar da ya ɗauki sabon madigadi ya nufi ƙafar babur da shi.

Sharaɗin farko shi ne ka gaskata mai sayarwa, a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a Fanteka ta Kaduna, idan ya ce maka, "Alhaji, wannan daidai yake, sa shi kawai za ka yi." Bai yi ƙarya ba, domin haƙiƙa daidai yake da wani babur, illa iyaka ba naka ba.

Ƙusoshin tsohon madigadin kuwa, tun da sun haura shekara arba'in suna zaman amana da tsatsa, ba a raba su da ƙarfi. A ɗiga musu kalanzir a bar su su kwana, sa'an nan a lallaɓe su da sifana mai lamba 10 ko 12. In babur ɗinka BSA ne na Ingila, to galibi awon notinsa na Whitworth ne, sifanar Japan ba za ta kama shi ba sai dai ta cinye masa kusurwa, kai kuma ta fere maka yatsa. Kada ka yar da tsohon madigadin, kome lalacewarsa, don shi ne asalin da za ka yi ƙiyasi a kansa.

Masana sun yi saɓani a kan fenti. Mazhabar masu zumuɗi ta tafi a kan a fara fesa shi, ya bushe yana walƙiya, domin guduma da magagari su sami abin kankarewa. Amma zance mafi rinjaye shi ne a gwada shi tsirara, a gama huji da lanƙwasa, kana a kai wa mai fenti. Dalili kuwa, da ka ɗora shi za ka iske huji uku sun hau, na huɗun ya goce da misalin ƙwayar gero, kuma a nan ne Shaiɗan yake zuwa da waswasi yana nuna maka guduma. Ka nemi tsari. Ka zura kowace ƙusa a muhallinta sako-sako, ba tare da ka ɗaure ko ɗaya tamau ba, sau da yawa sai ka ga ta huɗun ta shiga don kanta. In ta ƙi, a faɗaɗa hujin kaɗan da magagari, a shafe bakinsa da fenti don tsatsa, a sa ɗan zoben roba ƙarƙashin noti, gama girgizar hanya daga bakin huji take fara tsaga ƙarfe.

Wajibi ne kuma ka auna tazarar da ke tsakanin taya da madigadi, ba lokacin da babur yake tsaye a kan jak ba kowa a bisansa ba, sai an danne shi. Nemi mafi ƙiba a cikin maƙwabtan da suka taru suna ba ka fatawa kyauta, ka ce, "Malam, bismilla, hau." In ya zauna ka tura ka ji ƙuu, to taya na gugar ƙarfe ko kan wata ƙusa da ta yi tsawo, gajarta ta, shi kuwa a gode masa, ya yi amfani a karon farko.

Sai ka bi ƙusoshin bi da bi ka ɗaure, ka maƙala lamba da fitilar baya, ka ja da baya ka duba ko madigadin ya zauna tsakiyar taya sosai. A daidai wannan sa'a, galibi dab da kiran magariba, za ka hangi wayar fitilar baya tana reto a gefe, alhali ta cikin madigadin ya kamata ta bi tun kafin a ɗaura shi. Je ka yi salla tukuna, ka ce wa yaro kada ya mayar da sifana gidan mai ita.