Ɗabaƙoƙin Mutane a Gindin A-kori-kura

Duk wanda Allah ya nufa da zama a garejin kanikawa ranar da aka kawo a-kori-kura, ko tsohuwar Peugeot ce irin waɗanda aka soma harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ko Hilux ta zamani, domin a sauya mata bushin sifirin na baya, wato 'yar robar nan da ke raba ƙarfe da ƙarfe a maratayin da ke lilo duk sa'ad da lodi ya miƙar da sifirin, lalle zai ga 'yan Adam sun kasu ɗabaƙa-ɗabaƙa.

Na farko shi ne mai inkari, wanda motarsa ta yi wata da watanni tana ƙwaram-ƙwaram a kowane rami, bayanta yana kaucewa, tayoyi suna cinyewa ta gefe guda, amma iyakar ijtihadinsa shi ne ƙara muryar rediyo. Ba ya zuwa sai ƙarfe ya ci ɗan'uwansa, sa'an nan ya rantse jiya-jiya abin ya fara.

Na biyu bahili ne, wanda in an ce ƙa'ida a sauya dama da hagu tare, sai ya ce hagu ba ta yi masa laifin komai ba. In kuwa an ambaci sayo sabo a kasuwar Ƙofar Ruwa, sai ya nemi a yanko masa daga tsohuwar taya, ya mance araha ba ta ado.

Na uku bakanike ne ma'abocin guduma, wanda a mazhabarsa babu notin da tsatsa ta kama face hukuncinsa duka ne, in duka ya gaza a koma ga wuta, har hayaƙin roba ya tashi mai shayi da jama'arsa.

Na huɗu muftin benci, wanda bai taɓa riƙe sifana ba, amma ya ba da fatawar a labta wa robar baƙin mai, alhali mai cin roba yake yi. In an dace ya ce da ma ya faɗa, in an sami akasi ya miƙe neman buta.

Na biyar direba mai gaggawa, wanda kasuwar ƙauye ke jira, sai ya tilasta a ɗaure noti tamau tun mota tana kan jak, alhali sharaɗi shi ne sai an sauke ta ta zauna bisa nauyinta, in ba haka ba roba ta murɗe ta tsage.

Akwai kuma yaron gareji, wanda ya san dukkan wannan, sai dai da ya buɗe baki ya ce "Oga", sai a aike shi sayen ruwa.

Abin mamaki, duk da saɓanin mazhabobinsu, ranar da motar ta komo tana kukanta na da, ijma'insu guda ne: laifin hanya ne.