Faskare a Gaban Suruka

Gas ya ƙare ranar Laraba, albashi kuwa sai yadda Allah ya yi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya ɗaga, gas ma ya bi sahu har kilo ya haura naira dubu, kalanzir kuwa an daina ko gaishe shi. Ana cikin haka sai iskar farkon damina ta kayar da darbejiyar ƙofar gidan Alhaji maƙwabcina, nan Dogarawa. Masu inji suka yayyanka ta, Alhaji ya aiko a ce mini in kwashi rabona in rage wa iyali zafi. Mai shagon kusa da masallaci ya ara mini gatari. Almajirai suka gangaro mini da gunguma har ƙofar gida, suka ƙi karɓar ko sisi. Wani mai faskare da ke wucewa da gatarinsa a kafaɗa ya tsaya ya yi tayi, ya ce zai gama kafin la'asar, in ba shi abin da ya sawwaƙa. Na ce masa Allah ya ba da kasuwa. Mene ne a cikin faskare? Ka ɗaga, ka sauke.

Na tuɓe riga na rataye a ƙofa, na saura daga ni sai singileti da wandon yadi.

A dakalin da ke bayana akwai Baba. Duk unguwa haka muke kiransa. Ya yi aikin gona a Samaru har ya yi ritaya, kuma in yana gaya maka cewa tun 1922 ake binciken noma a can, sai ka rantse shi ya kafa tubalin farko. Ba ya tashi daga dakalin nan sai salla. Rediyonsa na kan cinya, goronsa na cikin kunci, kuma babu aikin da ɗan Adam zai yi a gabansa bai gyara masa ba. Ko tsintsiya ka ɗauka sai ya nuna maka inda ake riƙewa.

"Malam, ka tofa yawu a hannu." Na tofa. "Ka nemi inda itacen ya yi ido, ka kauce masa." Na nema, ban san abin da nake nema ba. Na ɗaga gatari na sauke da dukan ƙarfin da ya rage wa mai jiran albashi. Ya shige cikin gungumen, caraf, ya zauna. Na ja, ya ƙi. Na taka gungumen da ƙafa na girgiza ƙotar, ko motsi.

"Madalla," in ji Baba. "Yanzu ka sami abin da ake so. Ɗaga su tare, ka juya a sama, ka buga ƙeyar gatarin a kan wancan gungumen. Nauyinsa ne zai tsaga shi."

Gaskiya ya faɗa, na sha ganin masu faskare suna yin haka. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne irin wandon da suke sawa.

Na yi bismillah na ɗaga. Gungumen ya tashi, ya wuce gwiwa, ya wuce ƙirji, ya hau saman kaina. Yara suka yi shewa. A daidai nan, hannuwa biyu a sama, jijiyar wuya a miƙe, na ji wani ɗan sauti daga ƙugu. Ɗas.

Zariya ce ta tsinke.

Wando bai faɗi nan take ba, kuma wannan shi ne muguntarsa. Ya ɗan tsaya tukuna, ya ba ni lokacin da zan fahimci halin da nake ciki. In na jefa gungumen gaba, almajiran da suka taimake ni suna tsugune a wurin, sun zuba ido. In na sake shi baya, Baba ne da rediyonsa. A dama akuyar Alhaji ce ɗaure, da ciki. A hagu kwata. In na saki hannu ɗaya don in kama wando, gungumen ya sauka a tsakar kaina. Da ya tabbata na gama wannan lissafi, sai ya fara tafiya, sululu, ba gaggawa.

"Buɗe ƙafa!" in ji Baba.

"A'a, haɗe ƙafa!" in ji mai shago daga can.

Na buɗe ɗaya na haɗe ɗaya. Wando ya ƙara sauka.

"Kumbura ciki! Ja numfashi ka kumbura ciki, zai tsaya!"

Wane ciki? Cikin da ya kwana biyu yana karya kumallo da gari da ƙuli? Na kumbura abin da ya samu. Wando ya wuce ta gabansa bai ko yi sallama ba, ya yada zango a gwiwa.

Sai na ji ƙarar keke napep ta taho daga wajen Kwangila, ta rage gudu, ta tsaya. Na roƙi Allah ya sa mai neman hanya ne. Ƙafar da ta fara saukowa na san takalminta. Inna ce, mahaifiyar matata, daga Tudun Wada, tare da autarta riƙe da kwanon cincin.

Wanda bai san Inna ba ba zai gane ba. Tun da na auri 'yarta ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. Ban taɓa haɗa ido da ita ba. In zan gaishe ta tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa nesa, in yi magana da ƙasa. Ko hula ban taɓa cirewa a inda take ba. Ga shi yau ta same ni a bakin titi, ba hula, ba riga, wando a gwiwa, ina riƙe da rabin bishiya a sama.

Akwai gajeren wando a ciki, alhamdu lillahi. Amma da babu ma wataƙila da ya fi sauƙi. Uwargida ce ta ba tela ragowar wata atamfa ya ɗinka mini, mai ruwan goro da zanen manyan agogo. Atamfar kuwa Inna ce ta kawo mata da hannunta lokacin sunan ɗanmu na fari.

Autar ta dubi agogunan, ta dube ni, ta ajiye kwanon cincin a ƙasa don ta sami damar riƙe cikinta. Ƙanwar mata ce, al'ada ta ba ta lasisi. Inna kuwa ta ɗaga kai sama. Allah ya taimake ta, wani ƙaramin jirgin ɗaliban makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan yana kewayawa. Tun 1964 aka kafa makarantar nan, jiragenta sun daɗe suna shawagi a kan Zariya, amma ban ga wanda ya taɓa kallonsu da natsuwa irin ta Inna a ranar ba.

Tarbiyya kuma ba ta san uzuri ba. Gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu. Na durƙusa, gungume a sama, hannuwa suna rawa.

"Sannu da aiki," in ji Inna, tana magana da jirgi.

"Yawwa, Inna. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya yaran?"

"Lafiya ƙalau."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

Ba gajiya! Gumi yana shiga idona, kafaɗuna suna neman rabuwa da jikina, ɓawon darbejiya yana zubo mini a baki da ɗacinsa, amma na ce ba gajiya. Ita ma ba za ta iya yanke gaisuwa ba, don yankewar na nufin ta ga wani abu. Haka muka bi ta daki-daki, har mutanen gidanmu na ƙauye sai da aka tambaya, da mai jikin da ya warke tun bara.

Duk wannan lokaci Baba bai yi shiru ba. Ya juya ga jama'ar da ta taru, ya rage muryar rediyo, ya buɗe aji.

"Kun gani ko? Matsalar ba daga wandon take ba. Itacen ne bai bushe ba. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, to ruwa yake ɗauke da shi. Ita darbejiya ai ba 'yar ƙasar nan ba ce, asalinta Indiya. A Borno aka fara dasa ta, 1928. Da marke ne busasshe, da tuni ya tsage. Amma ya gode wa Allah ba kirya ba ce. Kirya da ake sassaƙa turmi da ita, maƙera suna neman gawayinta? Da yanzu ana haƙa kabari." Ya tofar da goro. "Malam, kada ka saki. Kuma kada ka riƙe da yawa."

Har yanzu ina juya wannan magana. Kada ka saki, kuma kada ka riƙe da yawa. Na yi karatu daidai gwargwado, na zauna da malamai, ban taɓa jin shawarar da ta rufe kowace ƙofa kamar wannan ba.

Wanda ya cece ni mai faskaren nan ne. Ashe bai tafi ba. Ya sami inuwa a gindin katanga ya zauna yana jira, domin ya san irinmu. Ya taho a hankali, ya karɓi gungumen daga hannuna kamar mai karɓar jariri a wurin suna, ya juya shi a sama, tim, ya rabe biyu. Alhaji ya fito da gudu ya lulluɓa mini babbar rigarsa. Mai shago ya miƙo igiyar buhun shinkafa. Inna ta shige gida har lokacin idonta na sama, sai da ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa.

Mai faskare ya gama kafin la'asar kamar yadda ya faɗa. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce abin da ya kalla ya ishe shi. Itacen kuma bai kama wuta ba, sai hayaƙi mai ɗaci da ya kori kowa daga tsakar gida. Kafin magariba sai ga yara suna ta sallama, kowa da ƙullin busasshen itace a ka. Wannan daga gidan liman, wannan daga gidan mai waina, wannan daga wata tsohuwa da ban ma san ta san da ni ba. Kowane ƙulli da saƙonsa, kuma saƙon ɗaya ne: a gaishe da Malam, a ce don Allah in ya ƙare ya aiko, kada ya wahalar da kansa. Mai shago ya turo a karɓi gatarinsa tun ban mayar ba.

Da na fito sallar isha'i, ina bin jikin katanga, Baba ya kira ni. Na ɗauka jaje zai yi.

"Na yi tunani a kan lamarin nan," in ji shi. "Zariyar yanzu duk zaren roba ce. Ka nemi ta auduga. Da irin audugar da muka fitar a Samaru ce, ko rimi ka ɗaga ba za ta tsinke ba. Gobe in za ka sake, ka kira ni tun farko."

Na dawo na tarar da uwargida tana kwashe tuwo, kafaɗunta suna girgiza. Na ce me Inna ta ce. Ta ce ba ta ce komai ba. Na matsa. Ta goge hawaye da bakin zane.

"Cewa ta yi atamfar tana da kyau, har yanzu ba ta koɗe ba."