Kowa da Man da Ya Karɓe Shi

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta yi ta rabon ta gida-gida kyauta. Danshin iska a garuruwa irin su Kano, Katsina da Damagaram kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai iska ta shiga farautar ruwa duk inda ta same shi, a shanya, a leɓe, a diddige. Mai busasshiyar fata, musamman irin mai gautsin nan da ko sabon sabulu ta gani sai ta yi bore, shi ya shiga uku. Ƙwauri ya yi furu-furu, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, dare ya yi a hau susa.

Wannan ita ce kakar masu kantin kayan shafa. Buƙatar fata ba ta da yawa: ruwa, da abin da zai tare ruwan kada ya gudu. Amma duk wanda ya tsaya a layin 'yan kayan kwalliya a kasuwar Sabon Gari ta Kano zai gane cewa kowa da abin da ya kawo shi, fatar kuwa ba a cika shawara da ita ba.

Maigida "na madam ne"

A wajensa shafa mai aikin mata ne. Sau biyar yake alwala a yini, ya miƙe ya bar wa iska ta busar masa, har faso ya yi zurfin da za a iya ajiye kwabo a ciki. Diddigensa ya gama da safa, ya koma kan bargo. Ya ɗiga narkakken kyandir, ya gwada baƙin mai na gareji, har gam ya matsa a tsagar. Da dare kuwa sai ya lallaɓa gaban madubin uwargida.

"Baban Abba, wai wa yake shanye min mai ne?"

"Sai dai ki tambayi yaran nan."

Ranar da tura ta kai bango sai ga shi a kanti yana waige-waige. "Na madam ne. Amma a ba ni marar ƙamshi, mai ƙarfi, wanda zai iya da ƙafa mai lamba 44." Mai kanti ya ce Allah ya ba madam lafiya, ya miƙo masa. Abin da ƙafar take so shi ne a jiƙa ta a ruwa mai ɗumi, a goge da dutse a hankali, a shafa man da ke ɗauke da sinadarin yuriya, a kwana da safa. In kuwa maigida yana da ciwon sukari, faso ya wuce hurumin kanti, na asibiti ne, don tsagar da ba ya jin zafinta ita take zama gyambo.

Hajiya mai hanci

Ba ta tambayar abin da ke cikin kwalba. Buɗewa take, ta shinshina, ta lumshe ido. Kafin ta zaɓi guda ta buɗe goma sha biyu, yaron kanti yana bin ta da murafe. In aka nuna mata marar ƙamshi sai ta yamutsa fuska: "Wannan ai na majinyata ne." Ta koma gida ta ƙara masa humra da ɗan turaren mai, don a cewarta bai ji ba.

Sai dai turare yana cikin manyan abubuwan da ke tayar wa fata mai gautsi da hankali. Bayan kwana biyu wuya ya yi ja, ƙaiƙayi ya tashi. Hajiya za ta zargi ruwan rijiya, ta zargi sanyi, ta zargi bakin kishiya. Turaren kaɗai ne ba ya shiga jerin waɗanda ake tuhuma. Da ta bar ƙamshi a tufafi da kasko, ta ba fata man da bai da shi, da kowa ya zauna lafiya.

'Yar jami'a mai karatun kwalba

Ita da waya a hannu take shigowa. Ta juya kwalba ta bi ƙananan rubutun nan layi-layi, tana tambayar yaron kanti ko akwai seramaid, ko nayasinamaid ɗin kashi nawa ne. Yaro ya dube ta ya ce, "Anti, wallahi orijina ne." Ta kammala karatunta a TikTok da YouTube, ta kuma rungumi tsarin nan na 'yan Koriya mai hawa goma, wanda in ta fara shi bayan isha'i sai an rufe ƙofar gida tana hawa na shida.

A yi mata adalci, akwai ilimi a kanta. Ta san cewa gilisarin da hayaluronik suna janyo ruwa su riƙe. Abin da ta tsallake shi ne, a busasshiyar iskar hunturu, in ba a bi su da mai mai kauri an rufe ba, ruwan da suka tara iska ce za ta sha. Ga shi kuma ta ɗora wa fuska ɗaya sababbin kaya biyar a dare guda. Fuska ta yi bore, an rasa wanda za a kama. Kuɗin alawus ɗinta na wata ya tafi, ta koma neman shawara wajen kakarta a ɓoye.

Iya mai man kaɗe

Kakar ke nan. Ita rakiya kawai ke kai ta kanti. Ta ji farashi ta riƙe haɓa: "Wannan ɗan abin? 'Yar nan, ai kuɗin tunkiya ne." Gwangwaninta na man kaɗe yana ƙarƙashin gado tun zamanin da ba a san farkonsa ba, kuma maganin komai ne: kaushi, mura, ciwon gwiwa, targaɗe, kan jariri, har ƙofar da ke ƙara.

A zancen fata dai Iya ta fi jikokinta gaskiya. Man kaɗe yana tausasa fata, yana kuma rage gudun ruwa daga cikinta. Ta san wahalarsa, don ta ga yadda ake yi: itacen kaɗanya kan shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, mata su tsinto, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, su yi ta bugu da ruwa har mai ya taso. Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, jihar Neja kuma cibiyarta ce. Turawa kan saya su zuba a cakulan da man shafawa, su cire masa ƙauri, su sa a kwalba mai kyau, ya dawo mana da tsada. Ganin haka ne a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida. Da aka ba Iya labari cewa ta yi ita tun tuni ta hana fitar da nata daga ɗaki.

Laifinta ɗaya, ba ta yarda akwai ciwon fatar da ya fi ƙarfin gwangwaninta ba. Makero ne ko ƙyasbi, umarnin ɗaya ne: a shafa, a ƙara shafawa.

Jam'iyyar Vaseline

Babu jam'iyyar da ta kai ta magoya baya, kuma iyaye mata ne shugabanninta. Da asuba a yi wa yaro wanka, a damƙo shi, a laƙume shi tun daga goshi har tafin ƙafa, ya fito yana ƙyalli kamar ƙosan da aka tsamo daga mai. Kafin ya isa makaranta ƙurar unguwa duka ta manne masa, malami ya kasa gane ɗan wa ye.

Asalin man daga rijiyar fetur yake. A 1859 wani masanin haɗa sinadarai, Robert Chesebrough, ya je filin haƙar mai na Titusville a Amurka ya tarar ma'aikata suna shafa wani kakin da ke taruwa a jikin injin a kan ƙuna da yanka. Ya tace shi, ya yi masa rajista a 1872. Ana ba da labarin cewa kullum sai ya sha cokali guda, ya kuma rasu a 1933 yana da shekara 96. Kada 'yan jam'iyya su ji wannan, don akwai masu niyya.

Wajen tare ruwa a fata da wuya a sami wanda ya fi shi, kuma bai cika tayar da ƙaiƙayi ba. Amma shi murfi ne, ba ya kawo ruwa daga ko'ina. Wanda ya goge jiki ƙaƙas, ya zauna ya sha shayi, sannan ya shafa, bushewar ya rufe a ciki. Lokacinsa shi ne da an fito daga wanka, jiki da sauran lema.

Uwar haɗi

Ba ta yarda da abin da kamfani ya haɗa ba sai ta gyara masa. A nemi lemon tsami a gida a rasa, a nemi ƙwai, zuma, kurkum, madarar yara, duk sun tafi fuska. Maigida ya dawo ya tarar da mace launin ruwan ɗorawa a tsakar gida ya yi salati ya ja da baya. Kowane haɗi kuma da isnadinsa: daga wata ƙawa, daga yayarta, daga mai gyaran jikin da ta yi wa wata amarya dilka a Maiduguri.

Masana suna da ma'aunin tsami da kanwa, daga 0 zuwa 14. Fata tana zaune wajen 5 da rabi, da ɗan tsaminta da ke kare ta. Lemon tsami yana wajen 2, sabulun gargajiya mai kumfa yana wajen 9 zuwa 10. Uwar haɗi kan dirje da wannan, ta bi da wancan, da soso mai kaifi da ruwan da ya kusa tafasa, wanda ke wanke ɗan maiƙon da fata ta tara. In ta shiga rana da lemon tsami a jiki kuma yana iya ƙona ta ya bar tabo. Tabon ma akwai haɗinsa, ta riga ta tanada.

"Ni ba bilicin nake ba"

Murya ƙasa-ƙasa take magana, mai kanti kuma daga ƙarƙashin teburi yake ɗauko mata, a roba marar suna, marar lambar NAFDAC. "Ni ba fari nake so ba, haskena na asali nake so ya fito." Hasken asalin yana fitowa a kumatu, gaɓoɓin yatsu kuwa suna nan sun ƙi ba da haɗin kai, shi ya sa a hoton biki kullum hannunta yana cikin mayafi.

Nan dariya takan ragu. Irin waɗannan robobi kan ɗauke da haidurokwinon, wanda yawan amfani da shi ke haifar da baƙaƙen tabo masu wuyar fita, ko sitiroyid mai sa fata ta yi siriri har jijiyoyi da nankarwa su bayyana, ko makuri mai taɓa ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Da yawa daga masu kukan cewa fatarsu ba ta karɓar komai ba haka aka haife su ba, robar ce ta mayar da su haka.

Ɗan ɗanɗano

Bai taɓa sayen komai ba. "Mu ga wannan." Ya matsa a tafi ya shafe hannu. "Wancan fa?" Ya shafe fuska da wuya. A kanti na uku ya sunkuya ya gama da ƙafa. Sai ya ce bari ya je ya dawo, kuma yana cika alkawari, gobe war haka.

Amarya mai jere

An zubo mata mai kala-kala a lefe, ta jera a gaban madubi bisa tsawo. Ba a taɓawa, na gani ne. Ita kanta na ƙanwar miji take ɗiba. A jikin kwalba akwai ranar lalacewa, akwai kuma hoton ɗan gwangwani a buɗe da 12M, wato wata goma sha biyu bayan buɗewa. Sai ta yi haihuwa ta biyu ta buɗe, ta tarar mai ya tsinke ya rabu da ruwansa, ta aika wa dangi a ƙauye a matsayin tsaraba.

Mai kwana uku

Ta shafa Litinin, ta duba madubi Talata, Laraba ta yanke hukunci: "Bai karɓe ni ba." Saman fata kan ɗauki kimanin mako huɗu kafin ya sabunta, amma ita ba ta da wannan lokacin. Akwatinta cike yake da kwalaben da aka taɓa sau uku-uku. Ƙannenta sun fi kowa sheƙi a unguwa.

Wadda mai kanti ba ya so

Jefi-jefi takan shigo. Sabulu marar ƙarfi, ƙaramar kwalbar gilisarin, man kaɗe ko Vaseline marar ƙamshi, ta duba lamba da kwanan wata, ta biya. In sabon abu ne sai ta gwada a cikin dantse na 'yan kwanaki kafin ya hau fuska. Wankanta gajere da ruwa mai ɗumi, ta shafa mai jiki da lema, in ƙaiƙayi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ta tafi wajen likitan fata. Cinikinta bai kai a kirga ba, ga shi ba za a sake ganinta ba sai kaya sun ƙare.

Mai kanti kan bi ta da tayi har bakin ƙofa: sabon shigowa ne daga Dubai, saura biyu, "wallahi Hajiya shi nake shafawa da kaina, shi iyalina ke shafawa." Ya faɗa wa mutum ashirin haka yau, a kan mai ashirin daban-daban. Mai son sanin wanda yake shafawa da gaske sai ya jira ya hau benci zai ɗauko kaya daga saman kanta, ya dubi diddigensa.