Jagoran Sabon Masunci a Farkon Damina: Birnin Kudu da Gwaram

Kamun kifin farkon damina a kudancin Jigawa yana kankama ne tsakanin watan Mayu da na Yuni, lokacin da ruwan sama ya fara zama, kogunan da suka koma yashi da rani suka kawo sabon ruwa. Kogin Bunga, wanda ke ratsa ƙasar Gwaram, da ƙoramun kewayen Birnin Kudu, duk sukan yi jajawur da laka. A daidai nan ne tarwaɗa ke barin gurbi ta bi ruwa zuwa fadama don ta zuba ƙwai. A nan ne kuma sha'awar su ke kama malamin makaranta da tela da direba, mutanen da ba su gaji ko ƙugiya ɗaya ba. Dominsu aka tsara wannan jagora.

Matakin farko shi ne gaisuwa. Kowane ruwa da masu shi, don haka baƙo yakan fara da Sarkin Ruwa ko dattawan masunta, ya tambayi inda aka yarda a jefa fatsa da inda ke da zurfi. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan wuni a gurbin da yaran gari suka san babu komai cikinsa sai kwaɗi, su kuwa yaran ba za su faɗa masa ba, domin kallo kyauta ba ya samuwa kullum.

Na biyu, kayan aiki. Birgi da koma da taru na gwanaye ne. Birgi musamman yana buƙatar juyin kafaɗa da aka koya tun ƙuruciya, kuma a hannun sabon shiga abin da ya fi kamawa shi ne mai jefa shi. Sabon shiga ya wadatu da sandar gora mai lanƙwasa, da zare, da ƙugiya matsakaiciya, da ɗan guntun kara da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna an taɓa. Abin yaudarar kifi kuwa damina ta bayar kyauta: tana a ƙasa mai laima, da gara, da shingen da ke fitowa bayan ruwan farko. Sharaɗin shinge ɗaya ne, kada a soya shi a gida kafin fita, domin wanda aka soya ba ya kaiwa bakin kogi.

Na uku, lokaci da natsuwa. Kifi ya fi ci da sanyin asuba da kuma gab da magariba, tarwaɗa ma da dare take kiwo. Ana zama shiru a inda ruwa ya lafa, kusa da ciyawa ko saiwar bishiya. Idan guntun karan ya yi rawa sau ɗaya, ƙananan kifi ne ke wasa da tana. Idan ya nitse ya yi gefe, sai a fizga. Wayar hannu tana da al'adar yin ƙara daidai wannan lokaci, saboda haka a kashe ta.

Na huɗu, sanin abin da aka kama. Karfasa tana da ƙayoyi a gadon baya, ana shafa su daga wajen kai su kwanta kafin a damƙe ta. Kurungu yana gurnani idan ya fito, kuma ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya biyu a gefe, sukan kafe cak. Sukarsu tana sa dattijo ya yi rawar da ya daina tun samartaka. Gaiwa, wadda ke kwana cikin busasshiyar laka duk rani, tana fitowa da yunwa da haƙora masu ƙarfi, don haka ba a sa mata yatsa a baki. Minjirya kuwa ita ke gabatar da kanta, da wutar da ke cikin jikinta.

Na biyar, abin da ba a yi. Ba a zuba maganin ƙwari a ruwa, domin yana kashe manya da ƙanana, ya kuma bi dabbobi da mutanen da ke sha. Ba a su da gidan sauro, wanda ke kwashe 'ya'yan kifin baɗi. Tarwaɗar da cikinta ya cika da ƙwai, mayar da ita ya fi riba. Ko teku ƙarewa yake: a 1992 gwamnatin Kanada ta dakatar da kamun kifin kod a gaɓar Niyufanlan bayan jiragen su sun ƙarar da shi, dubban masunta suka rasa sana'a. Haka nan ba a shiga kogi idan ya cika, ko da sama ta yi wasai, domin ruwan da aka yi a tsaunukan Bauchi yana isowa ba sallama.

Mataki na ƙarshe shi ne komawa gida. Al'ada ta yarda kifin da ya kuɓuce ya riƙa girma a cikin labari, daga tsawon tafin hannu da yamma zuwa kamu guda bayan sallar isha'i. Wanda ya dawo hannu rabbana kuma ya bi ta kasuwa ya sayo, to ya kula ya sayi ɗanyen kifin kogi. Uwargida ta san babu kogin da ke fitar da kifi da ƙanƙara a jikinsa, balle soyayye da yaji.