Gina Tafintan Kwamfuta: Matakai Huɗu, Tuntuɓe Huɗu

Tafintan kwamfuta manhaja ce mai juya abin da ɗan Adam ya rubuta a yare irin C zuwa lambobin da inji ke ganewa. Fitacce a cikin tafintocin shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987. Da tafinta ake gina tafinta, kamar yadda maƙeri ke ƙera guduma da guduma. Matakan aikin huɗu ne, kuma mai wannan rubutu bai tsallake ko ɗaya da ƙafar dama ba.

Na farko shiri. Ana ɗauko rubutun GCC da manhajar Git, sai a kira configure ya leƙa kwamfutar ya ga ko kayan aiki sun cika. GCC ba ya ginuwa sai da GMP da MPFR da MPC, rumbunan lissafi guda uku. Da sunayen suka bayyana a allo, marubucin ya ɗauka jam'iyyun siyasa ne.

Na biyu gini, aikin make ke nan, wanda Stuart Feldman ya ƙirƙira a Bell Labs a 1976. A fayil ɗinsa, dole layin umarni ya fara da tazarar maɓallin Tab. Marubucin ya saka tazarar yau da kullum guda takwas, wadda a ido ba ta da maraba da waccan. Daga la'asar har isha'i yana farautar kuskuren da ba ya ganuwa.

Sau uku ake gina GCC. Tsohon tafinta ya haifi na farko, na farko ya haifi na biyu, na biyu ya haifi na uku, sannan a gwada na biyu da na uku, dole su zo daidai. Wannan kan ci sa'o'i, don haka ake ƙara wa make -j da adadin ayyukan da za a yi a tare. In ba a sa adadi ba, make zai kwaso duk abin da ya samu. Marubucin bai sa ba. Fanka ta yi ƙugi kamar injin markaɗe, linzami ya sandare, sauri ya haifi nawa. Ya kashe injin ya goge komai, alhali make na duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Na uku gwaji. Manhajar DejaGnu na jarraba sabon tafintan da dubban tambayoyi. PASS an ci, FAIL an faɗi, XFAIL kuwa faɗuwar da magina suka riga suka san da ita. Marubucin ya kwana yana jinyar XFAIL. Da gari ya waye ya gane gaskiya, sai ya yi wa kowace faɗuwa afuwa, har da ta gaske.

Na huɗu girkawa da make install. Bisa al'ada sabon tafinta na sauka a /usr/local, tsohon na nan a ɗakinsa. Marubucin ya ɗora sabon a kan tsohon. Sabon ya shaƙe a layin farko, ga shi babu gudumar da za a ƙera wata. Sai da ya yi sallama a gidan maƙwabci da filashi a hannu. Shi ya sa ƙa'idar magina take: ba a sallamar tsohon tafinta sai sabon ya yi magana.