A Ɗakinmu Ba a Rasa Wurin Mutum Ɗaya

A unguwarmu ba mutum ɗaya ke tura yaro jami'a ba. Da zarar labari ya bazu cewa ɗan gidan wane ya samu Zariya, hidima ta zama ta kowa. Inna ta gidan kwana za ta aiko da yaji a gwangwanin madara. Goggo mai ƙuli za ta ƙullo leda biyu, ta ce ɗaya tasa, ɗaya ta abokan ɗaki. Wannan ta kawo daddawa da busasshiyar kuɓewa, wancan ya miƙo bokiti, mai shago ya ɗora kwalin sukari a kan garin kwaki ya ce Allah ya ba da sa'a. Kafin ranar tafiya gana-mas-go ta cika har zif ya ƙi rufuwa. Uwar yaro kuwa magana ɗaya take ta nanatawa: "Ka ci da mutane, ka ji ko? Kada in ji an ce ka rufe kwano."

Idan yaron ya biyo ta majalisa yin sallama, tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke cikinmu ba sa fara tambayar abin da zai karanta. Tambayar farko ita ce, "Wane hol aka ba ka?" Daga nan sai gardama ta ɓarke. Ɗan Danfodiyo ya ce duk wanda bai kwana a can ba bai yi Samaru ba. Ɗan Akenzuwa ya ce su ne manya. Na Ramat ya buga ƙirji, na Suleiman ya ce a bar tone-tone. Wanda ya yi karatun lauya a Kongo kuma ya ce ku dai ku yi ta surutu, mu muna cikin gari kuna bayan gari. A cikin gida ma haka iyayenmu mata suke yi da Amina da Ribadu da Aleks, kowa tana yabon inda ta ajiye katifarta.

Yaro yana jin waɗannan sunaye yana dariya, bai san darasi aka fara ba shi ba. Aleks ɗin nan Norman Alexander ne, mutumin Niyuzilan, shugaban jami'ar na farko lokacin da aka buɗe ta a 1962. Akenzuwa kuwa Oban Bini ne, Akenzua na Biyu, wanda ya riƙe muƙamin uban jami'ar. Amina Sarauniyar Zazzau ce, Ribadu ministan tsaro na Jamhuriya ta Farko, Ramat kuma Janar Murtala. Ka ga tun daga allunan ƙofa an gaya maka cewa wurin nan ba na gari ɗaya ba ne, kuma da kowa za ka zauna.

Dattawanmu da suka yi zamanin kafteriya, idan suka buɗe baki sai yara su saki nasu. Wai tikiti kawai za ka miƙa a zuba maka shinkafa da kaza, da safe ga shayi ga burodi ga ƙwai, har zanen gado ana wanke maka. Kawu, wanda ya yi karatu a wancan lokaci, shi ke tuna mana cewa abincin nan ba wasa ba ne: a watan Afrilun 1978 ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini shi ya tayar da zanga-zangar da ake kira "Ali Must Go", lokacin da Ahmadu Ali ke riƙe da ma'aikatar ilimi ta tarayya, aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa. Tun daga nan tukunya da risho suka shiga cikin kayan ɗalibi, daga baya ƙaramar tukunyar gas ta biyo.

To, a nan ne halinmu ya samu wurin fitowa. Duk wanda ya yi jami'ar gwamnati a ƙasar nan ya san ɗalibai sun fi gadaje yawa. A takarda, ɗaki na mutum huɗu ne ko shida. A zahiri kuwa, ɗakinmu kamar motar kasuwar ƙauye yake, kullum akwai wurin mutum ɗaya. Sabon ɗalibi zai sauka da magariba, bai samu gado ba, bai san kowa ba, yana tsaye bakin masallaci da jakarsa. Wani zai dube shi ya ce, "Ɗan'uwa, daga ina?" Ya ce daga Gumel, ko Biu, ko Kontagora. Shi ke nan. "Ɗauko kayanka." A matsa katifa, a ba shi ƙusa ya rataye rigarsa, a miƙa masa cokali. Kwana biyu aka ce, sai ga shi an yi zango guda tare. Shekara mai zuwa idan shi ya dace da gado, mai masaukin jiya bai samu ba, sai a juya. Babu takarda, babu shaida, kuma da wuya ka ji wanda ya ci wannan amana.

Cin abinci ma da tsarinsa. Satin farko bayan dawowa daga gida, ɗaki ƙamshi yake: dambun nama, kilishi, man shanu, miyar da uwa ta soya ta zuba a roba. A tsakiyar zango sai garau-garau ya karɓi mulki, da manja da yaji. Idan tafiya ta yi nisa, sai a koma lissafin da kowane ɗalibi ya sani, ziro-wan-ziro: babu da safe, a ci da rana, a haƙura da dare. Gari da sukari da ƙuli su ne masu rufin asiri. Amma ko a wannan hali tukunya ɗaya ake ɗorawa. Mai shinkafa ya kawo, mai wake ya kawo, wanda ba shi da komai ya ɗebo ruwa ya wanke kwanuka, kuma ba mai yi masa gori. Ranar da alat ya shigo wayar mutum ɗaya, ɗaki duka ne zai tafi wurin mai shayi. Yara mata sun fi mu iya wannan: a ɗakinsu har jadawalin girki ake mannawa a bango, kuma wadda ta kwanta zazzaɓi ba za ta rasa mai dama mata kunu da mai raka ta asibiti ba.

Ga kuma abin da unguwa ba za ta iya koya wa yaro ba. A gida duk wanda ya buɗe ido ya gani, harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya. A hol kuwa gadon sama Bayerabe ne daga Ilori, na ƙasa ɗan Tibi daga Binuwai, na bakin taga Babarbare. Farko-farko akwai 'yan ƙorafe-ƙorafe, don zo mu zauna zo mu saɓa ne: wannan yana son fitila, wancan yana son barci; wannan ya kunna waƙa, wancan yana tilawa. Sai a hankali kowa ya gane iyakar ɗan'uwansa. Da azumi, abokin ɗakin da ba ya yi shi ne zai tashe ka sahur idan ya dawo daga karatun dare. Ran Lahadi kai ne za ka ara masa dutsen guga. Yaron da ya tafi yana jin tsoron miyar agushi, sai ya dawo hutu yana tambayar inda ake sayar da ita.

Lokacin jarrabawa kuwa Samaru ba ta barci. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ya cika, azuzuwa sun cika, wasu sun shimfiɗa darduma a baranda suna kwana kan takarda. Mai kai a cikin ɗaki ya zama malamin sauran, yana bita har muryarsa ta dushe, ladansa kofin shayi. Da asuba a haɗu a bakin famfo, bokitai a jere, kowa ya san na wa ke gaban nasa. Garin ma da ɗalibai yake numfashi. Mun gani a 2022, da yajin aikin malaman jami'a ya kai wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba: masu awara, masu hoton takardu, 'yan acaɓa da 'yan kasuwar Samaru duk sun ji a jikinsu.

Sai dai akwai abin da muka fara yi wanda ba ya cikin tarbiyyarmu, kuma gara mu faɗa wa juna. Wasu yaranmu sukan kama gado alhali ba sa bukata, su sayar wa wanda ya rasa a kan ninkin-ba-ninkin kuɗinsa. Wannan cin naman ɗan'uwa ne, ko da wane suna aka kira shi. Wasu kuma su karya famfo, su ɓalle makunnin wuta, su ce ai kayan gwamnati ne, sun manta ƙannensu ne za su gaji ɗakin. Mu iyaye ma da namu. Mai ɗan hali yanzu yakan yi saurin kama wa ɗansa ɗaki shi kaɗai a waje, da firji da janareto. Ba laifi ba ne mutum ya so wa ɗansa hutu, amma ko shekara ɗaya ce a bar shi ya kwana cikin mutane. Digiri zai samu ko ina ya kwana. Iya zama da jama'a kuwa sai an zauna.

Sannan mu da muka ci moriyar wurin, me muka mayar? A 2019 Aliko Ɗangote ya miƙa wa jami'ar rukunin ɗakunan kwana mai ɗaukar ɗalibai 2,160. Ba kowa ke da wannan ƙarfi ba, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kusan kowane aji da ya gama yana da zaurensa a WhatsApp, inda ake taya juna murnar biki da suna. A cikin zauren nan akwai injiniya, akwai likita, akwai ɗan kasuwa. Idan kowa ya ajiye kuɗin katin waya na wata guda, za a gyara banɗakunan bene ɗaya, ko a kafa fitilar sola a inda yara ke karatu, ko a biya wa marayu kuɗin gado.

A majalisarmu dai mun tsayar da shawara: bana, bayan yaji da ƙuli, za mu haɗa kuɗin gadon yara biyu 'yan unguwa da iyayensu ba su da hali. Sharaɗi ɗaya muka gindaya musu: duk wanda suka tarar a tsaye da jakarsa bai da wurin kwana, su matsa masa. Ku kuma na sauran unguwanni, ga fili ga mai doki.